Ƙafa Ɗaya a Kan Layi: Nasiha Ga 'Ya'yana Masu Son Tsaron Raga



Tun da 'yan ƙwallon mata na Nijeriya suka ɗauko kofin Afirka a Maroko a watan Yulin 2025, na rasa iyakar 'yan matan da suka tare ni a bakin aji suna cewa, "Malama, ni ma gola nake so in zama, irin Chiamaka." A da kuwa, in an fita filin makaranta za a raba 'yan wasa, sai an yi ta lallashi kafin a samu mai yarda ta tsaya a raga, kuma galibi wadda ba ta iya gudu ake turawa. Na ji daɗin wannan sauyi ƙwarai. Sai dai na lura abin da ya shiga idonku shi ne kofi, da lambar girma ta ƙasa, da dala dubu ɗari da gidan da Shugaban Ƙasa ya sanar za a ba kowace 'yar wasa. Ni wani dare nake so mu koma, daren da aka daɗe da daina zancensa, domin a ganina duk abin da ya kamata ku sani game da wannan sana'a yana cikinsa.

Ranar 17 ga Yunin 2019 ce, a birnin Rennes na Faransa. Ana gasar cin kofin duniya ta mata, Nijeriya na karawa da masu masaukin baƙi. Wadda ke tsaron ragarmu yarinya ce 'yar shekara 18, Chiamaka Nnadozie, haifaffiyar jihar Imo, mai buga wa ƙungiyar Rivers Angels ta Fatakwal. Kwana biyar kafin nan ta tsare raga a wasan da muka ci Koriya ta Kudu biyu da nema, ta zama gola mafi ƙarancin shekaru da ta gama wasan kofin duniya na mata ba a zura mata ƙwallo ba. A daren Rennes ma ta riƙe Faransa sama da minti saba'in, filin cike da magoya bayansu. Can sai aka duba na'urar taimaka wa alƙalin wasa, aka ba Faransa fenariti, aka kuma kori 'yar bayanmu Ngozi Ebere. Wendie Renard, doguwar 'yar bayan nan ta ƙungiyar Lyon, ta ajiye ƙwallo ta buga. Ƙwallo ta daki turke ta fita waje. Mu da ke gaban talabijin har mun miƙe muna hamdala.

Sai alƙaliyar wasa ta ɗaga hannu. Na'ura ta nuna ƙafafun Chiamaka sun bar layi kafin a buga, da ɗan takin da ido ba zai kama ba. Aka ba ta katin gargaɗi, aka ce a sake bugu. A karo na biyu Renard ba ta kuskure ba. Da wannan ƙwallo ɗaya aka tashi.

Ba zan ɓoye muku ra'ayina ba: an yi wa yarinyar nan tsanani. Dokar da ta ce lallai ƙafa ɗaya ta gola ta kasance a kan layi ko daidai da shi lokacin bugu, a farkon wancan watan na Yuni ta fara aiki, kuma ƙwallon ma ba ta taɓa hannunta ba, turke ta daka. Masu tsara dokokin ƙwallo da kansu sun gane haka. Shekara guda bayan nan suka yi gyara, suka ce in ƙwallo ta fita waje ko ta daki turke ba tare da gola ta taɓa ta ba, ba za a sake bugu ba sai in fitowar golar ce ta ruɗa mai bugun a fili, kuma laifin farko jan kunne ne da baki, babu kati. Ke nan da yau aka yi wannan wasa, da ba a sake bugun ba. Amma gyaran doka bai mayar da wasan Rennes ba. Sakamako na nan a rubuce, ɗaya da nema, kuma sunan da aka yi ta ambato a labarai washegari nata ne.

To, ku tsaya nan ku sa kanku a matsayinta. Shekara 18, duniya na kallo, kuma kina da hujjar cewa an zalunce ki. Da yawa daga cikinmu wannan hujja za mu runguma mu yi ta jinyarta har tsufa, duk inda aka zauna mu ba da labarin yadda alƙaliya ta cuce mu. Abin da Chiamaka ta yi da wannan dare ba sai ta faɗa ba, ya fito a wasanninta. Wata biyu bayan nan, a wasannin Afirka da aka yi a Maroko, ita ce ta kaɗe bugun Kamaru a wasan ƙarshe har Nijeriya ta samu zinare. A watan Janairun 2020 ƙungiyar Paris FC ta ɗauke ta. Sai ga ranar 21 ga Yulin 2023 a birnin Melbourne na Ostareliya, wasanmu na farko a kofin duniya, da Kanada mai riƙe da zinaren Olamfik. An dawo hutun rabin lokaci ke nan aka ba Kanada fenariti. Wadda ta ɗauki ƙwallon Christine Sinclair ce, mace 'yar shekara 40 da ta ci wa ƙasarta ƙwallo 190, adadin da babu namiji ko macen da ya kai shi a lokacin. Da ta ci, da ta zama mutum na farko da ya zura ƙwallo a gasar kofin duniya shida. Chiamaka, wadda a ranar ita ke ɗaure da ƙyallen kyaftin, ta tsaya cik har aka buga, sannan ta faɗa hagunta ta kaɗe ƙwallon. Ba a ce a sake ba, domin ƙafarta na inda doka ta ce. Aka tashi canjaras. In kun samu hoton wannan bugu ku kalla, kada ku tsaya ga hannunta. Ku dubi ƙafar.

Abin da ya sa na daɗe a kan wannan labari, akwai wata ɗaliba da na taɓa koyarwa, wadda har yau in na tuna ta sai raina ya sosu. Ban taɓa ganin yarinya mai hannu irin nata ba, ƙwallo in ta shiga hannunta kamar an sa mata danƙo. A wani wasan gasar makarantu, saura kaɗan a tashi, aka buga mata wata ƙwallo marar ƙarfi, ta sunkuya za ta ɗauka, ta sulale ta tsakanin ƙafafunta. Aka fitar da mu. A mota babu wadda ta zage ta, amma babu wadda ta zauna kusa da ita. Ni ma da nake malamarta na bari sai washegari, ina ganin gara ta huce tukuna. Ba ta sake sa safar hannu ba. Na yi lallashin duniya, ta ce ita ta gama. Laifina a nan shi ne na koya mata kamu da faɗuwa da tsalle, ban taɓa zaunar da ita na gaya mata cewa irin wannan rana tana nan tafe ba, kuma tana zuwar wa kowace gola. Shi ya sa nake gaya muku tun yanzu. 'Yar gaba za ta zubar da dama biyar, ta ci ɗaya, a ɗauke ta a kafaɗa. 'Yar tsakiya in ta ɓata, akwai 'yan baya. 'Yan baya in sun ɓata, akwai ke. Ke kuwa bayanki raga ce kawai. Za ki tare goma a manta, ki kuskure ɗaya a riƙe. Wadda zuciyarta ba za ta ɗauki wannan ba, ba aibi ba ne, akwai sauran gurabe goma a fili. Wadda kuma ta ce ta ji ta gani, to ta koyi abu biyu tare, ko da yake kamar ba sa haɗuwa: a cikin wasa ta manta da kuskuren nan take, domin wata ƙwallon na tafe, in an tashi kuma ta zauna ta kalle shi ido da ido, ta gano ko tsayuwarta ce, ko hannu, ko jinkirin yanke shawara.

Kada kuma ku ɗauka daga Melbourne sai nasara. A wannan gasar dai mun ci Ostareliya uku da biyu a gidanta, mun yi kunnen doki da Ayalan, muka riƙe Ingila minti 120 babu ci. Da aka je bugun fenariti, Chiamaka ba ta kaɗe ko ɗaya ba, aka fitar da mu huɗu da biyu. Shekara guda kafin nan ma haka Maroko ta fitar da mu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka. Ko a wasan ƙarshe na 2025 da kuke ta murna da shi, kafin a yi rabin sa'a Maroko ta zura mata biyu a Rabat, filin na ta girgiza. Aikinta a sauran wasan shi ne kada ta uku ta shiga, kuma ba ta shiga ba, har 'yan gabanmu suka farke suka ƙara. Aka zaɓe ta gwarzuwar golar gasar. Da ta karaya bayan ƙwallo ta biyu, da babu kofin da kuka gani.

Sai maganar benci, wadda ba a cika gaya wa yara ba. Ƙungiya kan je gasa da gola uku, amma gurbi ɗaya ne, kuma ba kasafai koci ke sauya gola a tsakiyar wasa ba. 'Yar gaba da ke benci tana sa ran minti ashirin na ƙarshe, gola ta biyu kuwa tana iya shafe kaka guda ba ta taɓa ƙwallo a wasa ba. Chiamaka na cikin tawagar da ta ci kofin Afirka a Gana a 2018, amma Tochukwu Oluehi ce a raga. Ko a Faransa, Oluehi ce ta fara wasan farko da Nowe. Wadda ta fi ba ni mamaki a wannan fage ita ce Nadine Angerer ta Jamus. Tun 1996 ta fara buga wa ƙasarta, amma kusan shekara goma tana bayan Silke Rottenberg. An ci kofin duniya na 2003 tana zaune tana kallo. Da Rottenberg ta ji ciwo a gwiwa kafin gasar 2007 a Sin, aka ce Angerer ta shiga. Wasa shida ta buga, ba a zura mata ko ɗaya ba, har da fenaritin Marta ta Burazil da ta kaɗe a wasan ƙarshe. A 2013 ta kaɗe fenariti biyu a wasan ƙarshe na kofin Turai, kuma hukumar FIFA ta zaɓe ta gwarzuwar 'yar ƙwallon duniya ta wannan shekarar, gola ta farko da ta samu wannan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wadda ta yi wasa shida irin waɗannan, ta nuna cewa shekarun da ta yi a benci atisaye take yi kamar gobe za a kira ta. Na sha ganin yarinya ta yi sati uku ba a sa ta ba, ta fara zuwa atisaye a makare, ta fara tsegumin wadda ke gabanta, har tana fatan ta ji ciwo. Ranar da aka neme ta kuwa sai a tarar jiki ya yi nauyi. Ki zauna lafiya da wadda ta riga ki, ki buga mata ƙwallo a atisaye da zuciya ɗaya, ki saci abin da ta fi ki.

Game da aikin kansa, ragar mata da ta maza girmansu ɗaya, faɗi mita 7.32, tsawo mita 2.44, kuma daga mita 11 ake buga fenariti. Ƙwallo na isowa kafin ki ƙifta ido sau biyu. Yara sun fi son koyon shawagi a iska domin shi ke ɗaukar hoto, amma gola mai yawan shawagi sau da yawa tsayuwarta ce ba daidai ba. Ki koyi inda za ki tsaya tsakanin ƙwallo da tsakiyar raga, ki koyi ƙananan taku, ki koyi faɗuwa a gefen jiki don kada ki karya gwiwar hannu a filayenmu masu tsakuwa. Tun 1992 aka hana gola kama ƙwallon da abokiyar wasanta ta mayar mata da ƙafa da gangan, saboda haka wadda ba ta iya ba da ƙwallo da ƙafa biyu ba, manyan ƙungiyoyi ba sa kallonta. A 2025 kuma an ce in gola ta riƙe ƙwallo fiye da sakan takwas, a ba abokan hamayya bugun kwana. Ki riƙa bibiyar doka, rashin saninta ba ya hana ta hawa kanki. Sai murya. Ke kaɗai ke ganin fili gaba ɗaya, dole 'yan bayanki su ji ki. Na san an rene mu da kunya da sassauta murya, kuma tarbiyya ce mai kyau, amma a bakin raga "bar min" da "bayanki" sai an ɗaga murya. Kunya tana nan a wurinta in an tashi.

Yanzu zancen kuɗi. Gaskiya ce abubuwa sun gyaru. A 2023 FIFA ta ware wa kowace 'yar wasan da ƙasarta ta kai zagaye na 16 a kofin duniya dala dubu sittin. Chiamaka ta taimaki Paris FC ta fitar da Arsenal da Wolfsburg a share fagen gasar zakarun Turai, ta ci kofin Faransa a watan Mayun 2025 bayan ta kaɗe wa PSG bugu biyu, sannan ta koma Brighton a Ingila. Hukumar ƙwallon Afirka ta fara ba da kyautar gwarzuwar gola ta mata a 2023, kuma ita ce ta fara karɓa. Amma mutum nawa ne irinta? Dubban 'yan mata na buga ƙwallo a ƙasar nan, 'yan ƙalilan ne ke samun shiga ƙungiyoyi irin su Nasarawa Amazons ko Bayelsa Queens ko Edo Queens, waɗanda ke ƙetarawa Turai kuma ba su taka kara sun karya ba. Ko manyan ma sun sha wuya. A 2016, bayan sun ci kofin Afirka a Kamaru, sai da 'yan wasanmu suka ƙi fita daga otal a Abuja kafin a biya su haƙƙinsu. Ga ciwo, wanda ba ya sallama. Jijiyar gwiwa ɗaya in ta tsinke, kusan shekara ce a zaune, wata ma ba ta dawowa. Gola takan fi sauran daɗewa a fili, amma ko ta kai 38 tana wasa, sauran rayuwar fa? Saboda haka duk wanda ya ce ki bar makaranta don ƙwallo, ba masoyinki ba ne. Ki gama sakandare da sakamako mai kyau, in da hali ki ci gaba. Precious Dede, wadda ta tsare ragar Nijeriya a gasar kofin duniya har huɗu, da ta ajiye safar hannu sai ta koma horar da masu tsaron raga. Wannan ma hanya ce, amma tana son takarda da ilimi.

Ku yi hattara da dillalai. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai kai ki gwaji Turai, ki gudu. Kada ki sa hannu a kwantiragin da ba a karanta miki a gaban wani babba naki ba. Kada ki ba kowa fasfonki ya riƙe. Kada ki yarda a rage miki shekaru a takarda, ƙarya ce, kuma takan dawo ta ci mai ita. Wanda kuma ya nemi wani abu daga jikinki kafin ya sa ki a wasa, ko koci ne ko jami'i, ki bar wurin a ranar, ki gaya wa mahaifiyarki ko malamarki. Ba ke ce mai abin kunya ba. Babu rigar ƙwallon da ta kai mutuncinki.

Na san abin da da yawanku ke jira in taɓo, wato gida. A wajenmu yarinya ta ce za ta yi ƙwallo ba ƙaramar magana ba ce, kuma ba na ganin iyayen da suka yi ɗari-ɗari a matsayin marasa wayewa. Tsoronsu yana da tushe: tafiye-tafiye, kwana a waje, sutura, da bakin mutane. Chiamaka ma ta sha faɗi a hirarraki cewa da farko mahaifinta bai so ba, sai daga baya ya sauko. Ta fuskar sutura an samu sauƙi. Tun 2014 aka halatta sa ɗankwali ko hijabin wasa a dokokin ƙwallo, kuma a 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga kofin duniya da hijabinta. Gola ma ta fi kowa sauƙi, domin dogon wando da riga mai dogon hannu tun asali kayan aikinta ne. Amma sauƙin doka bai ɗauke miki neman yarda ba. Ban yarda yarinya ta saci jiki ta tafi atisaye a ce islamiyya ta tafi ba. Ki je wa mahaifiyarki da maganar, ki nemi kawu ko gwaggo ko malamar da mahaifinki ke jin nauyinta, ki nuna masa sakamakon jarrabawarki bai ja baya ba, sallarki ba ta ja baya ba, ki gaya masa wa ke horar da ku, a ina, kuma ƙarfe nawa ake tashi. In ya amince da sharaɗi, ki riƙe sharaɗin. In ya ce a'a, ki yi haƙuri ki sake komawa bayan wani lokaci cikin ladabi. In ya tsaya a kan a'a, ki bi, ki yi wasanki a filin makaranta. Na fi son ki rasa gurbi a ƙungiya da ki rasa albarkarsu, kuma na faɗi haka ina mai son ƙwallon nan tun ina kamar ku.

Ku kuma samari da ke karanta wannan, ina da roƙo a gare ku. Golan mata da yawa a hannun yayyensu suka fara, su ake sawa a tsakanin duwatsu biyu a ƙofar gida ana gwada bugu. In ƙanwarka na da hannu, kada ka zama na farkon yi mata dariya. Ka raka ta fili, ka dawo da ita gida kafin magariba. Ranar da ƙwallo ta sulale ta tsakanin ƙafafunta, kai ka zauna kusa da ita a mota.

Ke kuma 'yata da kika ce gola kike so ki zama, na karɓi maganarki da gaske. Ki fara samo izini daga gida. In kin samu, ki zo fili ranar atisaye da wuri, kafin sauran su iso, mu fara daga yadda ake tsayuwa a kan layi. Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare mana ku.